Maƙogwaron Tsoho

Auta,

"Anti, wannan 'yar fedar da kike gani, murya fiye da ɗari biyu ce a cikinta. Duk wata amfilifaya da aka taɓa ƙerawa a duniya tana kwance a nan, sai dai ki taka ta tashi."

Da wannan maganar mai kantin kayan kiɗa ya tare ni tun ban gama rufe ƙofa ba. Ka yi haƙuri na sa shi gaba da gaisuwa, tun jiya muryarsa ta ƙi barin kunnena. To, ya aiki, ya teku, ya jirin da ka ce ya ramar da kai? Mu nan lafiya lau. Gwiwar Umma ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene don yi wa maƙwabcinmu na sama faɗa kan jan kujeru, kuma ka san a wurinta wannan ita ce takardar sallama daga asibiti.

Bari in maimaita abin da na fahimta daga saƙonka, don kada a ce likitar kunne ba ta ji ba. A jirginku na masu yawon shaƙatawa ba a yarda mai jita ya hau dandamali da amfilifaya ba, kowa waya yake jonawa kai tsaye. Shi ya sa ka bar min Tsoho, akwatin amfilifayar marigayi Baba mai ƙara sautin jita, a falo, inda yake aikin teburin ajiye makullai. Shugaban makaɗanku kuwa, wanda kuke ce wa Madugu, don muryar Tsoho ya ɗauke ka aiki, tunda da ita ka yi kiɗan gwajin da ka aika masa. Yanzu da fedar aro, 'yar na'urar nan da ake takawa da ƙafa, kake maneji, shi kuma ya ce in ba ka dawo masa da waccan muryar ba kafin a sabunta kwantiragi, zai nemi wani. Don haka kana so in sayo maka feda mai kwaikwayon muryar amfilifaya. Ni. Wadda ko tafi ba ta iya yi daidai da ganga.

Na bi sharaɗinka. Na ce wa mai kanti ya kashe amsa-kuwwar da ya lafta wa kowace murya, tunda ka ce hoda ce, ƙuraje take rufewa. Da ya kashe, rabin muryoyin suka zama tagwaye. Sannan na lura duk wadda yake so in saya sai ya ɗan murɗa mata ƙara a ɓoye. Wannan dabarar kam a fagena take: kunnen ɗan Adam duk abin da ya fi ƙara shi yake ɗauka ya fi daɗi, shi ya sa ake sauraron Kawu a taron dangi. Na ciro ma'aunin ƙara daga jaka na ce a daidaita su duka. Ya dube ni kamar na zo masa da 'yan sanda.

Guda uku suka rage. Ta farko ita ce mai ɗari biyun, roba ce, ba na jin za ta jure iskar gishiri da wannan ƙafar taka. Ta biyu faɗinta ya kai ƙofar firji, ga allo mai launi, sai an yi mata digiri kafin a kunna ta, kai kuma ka ce ɗakinka a jirgi ko juyi za ka yi sai ka fita waje. Ta uku ƙarama ce, ta ƙarfe, maɓallan takawa uku, muryoyinta kaɗan. Amma tana da wata baiwa: ana ajiye makirfo a gaban kowace amfilifaya, fedar ta saurare ta, ta haddace muryarta. Ita na ɗauka. Mai kanti ya ce zai zo gida da makirfonsa a yi wa Tsoho wannan haddar.

Na ga inda ka rubuta, "Ki kula min da Tsoho, maƙogwaronsa a yage yake." Da na dawo na jona shi, na karta wayoyin tsohuwar jitarka. Gaskiyarka. Akwai wata ziza da ke bin kowane sauti kamar ƙuda a cikin kwalba. Da majinyaci ne ya zo min da na'urar ji mai irin wannan, a ranar zan karɓe ta. Ka kwantar da hankalinka, wannan aikina ne.

Umma ta ce ka riƙa cin abinci, ka kuma yi aski.

Yayarka

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na san sai jirgi ya tsaya a tasha saƙonni suke shigo muku, don haka ba na ƙorafin shiru. Umma lafiya. Ni ma lafiya in ban da baya, don Tsoho ya fi kamanninsa nauyi, lif ɗin gidanmu kuma ranar ya zaɓa ya tafi hutu.

Albishirinka. Na kai shi wurin mai gyaran rediyo na bayan tashar bas. Da ya kwance bayan akwatin sai ya kira ni in gani da idona: takardar lasifikar a tsage take, an liƙe ta da wani ƙyalle mai furanni da jan farce. Jan farce, Auta! Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tun da yake sana'a bai taɓa ganin lasifika da kwalliya ba. Na san labarin lemar da Umma ta soka wa Tsoho muna yara, kamar yadda ka sani, amma ban taɓa zaton Baba ya zauna da raunin nan tsawon rayuwarsa bai kai shi gyara ba. Allah ya jiƙansa, haka ya yi da haƙorinsa ma.

An sa sabuwar lasifika fil. Kwalaben cikin nan masu haske ya ce ƙalau suke, bai taɓa su ba. Yadin gaban mai hudar lema na ce a bar shi, don tarihi.

Mai kanti ya cika alkawari. Ashe gwajin ji fedar take yi wa amfilifaya, irin wanda nake yi wa mutane kullum: ta aika ƙara daga ƙasa zuwa sama, ta yi shuu, ta yi ƙii, ta saurari abin da ya dawo. Karo na farko ke nan da na ji ni da sana'arka muna da wata dangantaka bayan ta jini. Umma ta leƙo ta tambaya ko injin wanki ne ya lalace.

Sakamako: murya tas kamar gilashin da aka goge. Ba ziza, ba ƙuda. Mai kanti ya kaɗa ta Tsoho, ya kaɗa ta feda, ban iya bambance su ba, ma'aunina ma bai iya ba. Umma ta zauna a falo har aka gama ba ta ce uffan ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da jita ta shigo gidanmu.

Ofishin kamfaninku sun ce sai jirgi ya kusa tashar gida suke karɓar kaya, don haka fedar tana cikin kabad ɗina tana jira. Ba sai ka yi godiya mai yawa ba. Kaɗan ma ta isa.

Yayarka

*

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa, ina gaida Umma, a ce mata ina cin abinci kamar gara. A tsakiyar ruwa nake rubuta wannan, ko'ina shuɗi, zai tafi duk ranar da muka ga ƙasa. Ban ga saƙonki ba tukuna, na san yana can yana jirana. Jiri ya sake ni. Yanzu ma in na taka ƙasa ne nake tangaɗi.

Aiki kuwa sai addu'a. Fedar aron nan muryarta kamar sauro a cikin gwangwani. Madugu ba mugu ba ne, amma kunnensa ya fi na zomo. Jiya a wurin gwaji ya ɗaga hannu aka tsaya, ya ce, "Auta, wanda ya yi min kiɗan nan da ka aiko, yayanka ne? Don Allah ka kira min shi." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Mai ganga ya raɗa min akwai wani mai jita da ke jira a tashar gida, har hotonsa an gani, wai da hula mai malafa.

Yaya, ina son aikin nan. Shi ne na farko da ba wanda ya ce min "to, sai yaushe za ka nemi na gaske?"

Wancan saƙon cikin sauri na rubuta, ban yi miki bayani sosai ba. In kin samu feda mai haddar murya, ita nake so. Kuma ki sani muryar Tsoho ba a kwalabensa kaɗai take ba, a wannan yagewar take. In na taɓa waya a hankali, magana yake lafiya lau kamar kowa. In na danna da ƙarfi sai takardar ta girgiza, ƙarshen sautin ya shaƙe, kamar mutum yana dariya kuka na son kama shi. Duk fedojin duniya amfilifaya masu lafiya suke kwaikwayo, shi ya sa babu wadda ta yi min. Baba ya sha cewa kamfani ne ya fara ƙera masa amfilifaya, Umma ta ƙarasa. Saboda haka ko ƙura kada a goge a lasifikar nan. Kada a bari kowa ya kwance bayansa. In mai kanti ya ce akwai matsala, ki ce masa matsalar muka zo ɗauka.

Ƙaninki,
Auta

Ƙari. Yaya. Mun iso tasha, saƙonninki biyu sun shigo tare. Na karanta na farko ina tsalle, wallahi kin iya zaɓe, ita ce fedar da nake mafarki, kuma abin da kika yi wa mai kanti da ma'auni sai da na karanta wa mai ganga. Na biyun a layin komawa jirgi na karanta shi, har mai gadi ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Yaya, me Tsoho ya yi miki kika warkar da shi?

Ina tsohuwar lasifikar? Don girman Allah ki je yanzu, ko a kwandon shara take ki ciro ta. Ana busa ƙaho, za a janye tsani.

*

Auta,

Lafiya muke, kuma babu wanda ya rasu, ka gaya wa mai gadin.

To, na yi kuskure. Shekara da shekaru ina cire ziza daga kunnuwan mutane suna yi min godiya, ban san akwai masu nemanta ido rufe ba. Ka yi haƙuri. Ka yanki wannan layin ka adana, ba lallai ka sake ganin irinsa daga wurina ba.

Na koma wurin mai gyara tun kafin ya gama buɗe shago. Ya ce, "Tsohuwar? Ai Likita, masu sayen ƙarfe sun wuce da ita tun ranar. Maganaɗisun bayanta suke so." Na tambayi inda suke kai kayan. Ya nuna min gabas da yamma da hannu ɗaya. Sannan ya ce in wani abu ya sami sabuwar in kawo, aikinsa da garanti. Na ce masa matsalar ita ce babu abin da ya same ta. Har na sha kwana yana kallona, na san ya yanke hukuncin karatu ya taɓa min kai.

A gida na tarar da Umma tana ninke wanki, na gaya mata komai. Ta ce, "Shi ya sa ranar nan kaina bai yi ciwo ba. Na ce ko tsufa ne ya toshe min kunne." Sai ta ba ni labarin lemar da cikarsa, ba guntun da muka sani ba. Kana jariri, haƙori na fito maka, da ƙyar ta samu ka yi barcin rana. Ta fita sayo maka magani cikin ruwan sama, ta dawo ta tarar Baba ya ƙure ƙara, kai kuma kana tsala ihu a ɗaki. Ta yi magana, bai ji ba. Lema na hannunta. Ta ce bayan ta soka wa Tsoho ita, falon ya yi tsit, Baba ya dubi hudar, ya dube ta, ya kaɗa waya ɗaya, sai fuskarsa ta washe ya ce, "Kin ji? Don Allah kin ji?" Ta ce duk zamansu ba ta taɓa jin haushi irin na wannan godiyar ba. Liƙin ma ita ta yi da gefen ɗankwalinta, don tsagar ta fara tafiya.

Na ce, "Umma, lemar tana nan?"

Ta ce, "Me aka taɓa jefarwa a gidan nan kafin ke?"

Tana bayan kabad. Ba ta buɗuwa, amma tsininta lafiya lau.

Da ta gane inda na dosa ta ce sam. "Ni da furfurata in tsaya ina sukar akwati? Ku da kuka yi karatu ku soka mana." Na ce aikin autanta ne ke rawa. Ta ce da ma ba ita ta aike ka teku ba. Washegari na ga an goge tsinin lemar yana ƙyalli.

Mai kanti ya dawo da makirfo da jitarsa. Hudar yadin nan da na bari don tarihi ita ta nuna mana wurin, ka ga ba duk shawarwarina ne suka lalace ba. Umma ta zura lema ta ɗan dangwala, kamar mai tashin baƙo daga barci. Takardar ko gezau. Ta sake, a banza. Ta sauke hannu ta ce, "Ba na jin haushinsa. Me ya yi min?"

Mai kanti, wanda Allah bai ba baiwar yin shiru ba, ya ce, "Mama, ki daina wahalar da kanki. Tsakani da Allah, duk makaɗin da ya san abin da yake yi ba zai zauna da yagaggiyar lasifika ba. Maigidan naki dai sha'awa ce kawai, irin ta masu taɓawa ranar hutu. Akwai wata murya a mai ɗari biyun nan da ta fi..."

Bai ƙarasa ba. Na ga Umma ta gyara tsayuwa a kan gwiwar da aka ce kada ta ɗora wa nauyi. Hannun ban gan shi ba, ƙarar kawai na ji: ɓarat! Sannan ta zaro lemar ta nuna shi da ita.

"Mutumin da in ya kaɗa masu wucewa suke tsayawa a titi har motoci su yi ta oda? Kai da kake gudu a kan wayoyi kamar ɓera a rufi, tun da ka zo gidan nan me ka faɗa? Shi waya ɗaya yake taɓawa a ji magana!"

Auta, matar da ta yi shekara talatin tana kiran abin nan hayaniya.

Mai kanti ya ce, "A yi haƙuri, Mama," daga bayan kujera.

Aka zo liƙi. Ta yanki gefen ɗankwalin da ke kanta. Na kawo jan farcena marar launi, ta ce ja aka sa. Na yi bayanin cewa launi ba shi da alaƙa da sauti. Ba wanda ya saurare ni, har da mai kanti, wanda yanzu duk abin da Umma ta ce shi ne kimiyya. Sai da na hau bene na aro ja wurin matar mai jan kujeru.

Da ya bushe, mai kanti ya taɓa waya a hankali: lafiya lau. Ya danna: ƙudan ya dawo. Na gwada shi da tsohon kiɗan gwajinka a kwamfuta. Ba zan yi maka ƙarya ba, layukan zanen sautin biyu sun yi kusa amma ba su hau juna ba. Umma kuwa ta dafe goshi ta ce, "Kai, a rage mana wannan masifar," ta shige ɗaki. Ina ganin ma'auninta ya fi nawa.

An sake hadda. Maɓalli na farko mai lafiyar ce, na bar ta saboda taurin kai. Na biyu ta lema. Na uku babu komai, ka sa abin da ka ga dama. Na miƙa fedar a ofishinku, na naɗe ta da tawul ɗinka mai zanen kifi.

Yayarka

*

Auta,

Lafiya muke. Ofishinku sun tabbatar min fedar ta hau jirgi, sun kuma tabbatar jirgin ya tsaya a wata tasha ya tashi. Saƙo bai zo ba. Ni ba damuwa na yi ba. Umma ce take tambaya kowace safiya ko wayata ta lalace, kuma na gaji da nuna mata tana aiki.

In fushi kake, ka yi shi a rubuce, in gyara maka kurakuran rubutu mu wuce wurin. In kuwa mai malafa ne ya hau kujerarka, ɗakinka yana nan, Tsoho yana nan, asibitinmu kuma ana neman mai tura keken majinyata, ka riga ka saba da tangaɗi. Wasa nake. Rabinsa dai.

Ka rubuto, ko layi ɗaya ne.

Yayarka

*

Yaya! Yaya! Yaya!

Gaisuwa, lafiya ƙalau, ba fushi, ba kora. A gaida Umma, a gaida gwiwa, a gaida lema. Tashar da kike magana ko sauka ban yi ba, Madugu ne ya kulle mu a ɗakin gwaji duk tsawon tsayuwar, kuma laifin fedarki ne. Sai da ƙasa ta ɓace na tuna ban aika komai ba, na ce yau na shiga uku wurin Yaya.

Ga yadda aka yi. Na kwance tawul, na jona, na taka na farko. Madugu ya saurara ya ce, "Mai kyau. Wannan ta lokacin cin abinci ce, ba za ta hana kowa haɗiya ba." Na ce a raina shi ke nan, in je in haɗa jaka. Sai na taka na biyu na danna waya. Mai ganga ya tsaya da sanda a sama. Madugu ya cire abin kunnensa, ya zagayo, ya ɗaga labule yana neman inda na ɓoye amfilifaya. Bai ga komai ba sai bokitin mai shara. Ya ce, "Sake." Na sake. Ya ce, "To, yayan naka ya iso ke nan." An sa hannu a kwantiragi, Yaya. Mai malafa sai ya ci gaba da jira, Allah ya ba shi nasa jirgin.

Amma tsakanina da ke, ba muryar Baba ba ce. Ta Baba mai haƙuri ce, sai ƙarshen sauti take shaƙewa. Wannan tun ban gama dannawa ba take taso min, ta faɗi abin da za ta faɗa, ba ta neman izinin kowa. Na yi ta tunanin inda na san ta. Ina cikin wanke fuska na gane: muryar Umma ce. Na zauna a bakin gado na yi ta dariya, har ƙarshen dariyar ya so ya yi irin na Tsoho.

Ta Baba ta tafi wurin masu ƙarfe, kuma zan yi kewarta, ba zan ɓoye miki ba. Amma na yafe tun a layin jirgi, hanyar gaya miki ce ban samu ba. Layin ban-haƙurinki na kwafe shi na manna a bangon gadona.

Mai lafiyar ma kullum tana aiki a ɗakin cin abinci. Wata tsohuwa cikin fasinjoji ta ce ita ta fi so. Kada ki yi girman kai.

Na haɗo da kiɗan da aka ɗauka a dandamali. A kunna wa Umma. Kada a ce mata komai.

Ƙaninki mai aiki,
Auta

*

Auta,

Barka, Allah ya sa albarka. Lafiya muke. Na gaya wa mai kanti, ya ce da ma shi ya san haka za a yi. Yanzu tambaya yake ko Umma za ta yarda ta soke masa wata lasifika a kanti. Na ce ya zo ya tambaye ta da bakinsa. Har yau bai zo ba.

Maganar muryar wa ce, ba ni da ra'ayi. Ma'aunina ba ya auna wannan.

Yau da safe ina shirin fita aiki na tarar Tsoho ba ya falo, makullaina a ƙasa. Ashe Umma ta sa maƙwabcin nan ya ja mata shi zuwa ɗakinta, ka ga a ƙarshe baiwarsa ta yi rana. Ta shimfiɗa masa ragowar ɗankwalin a ka. Na tura kiɗanka a wayarta, na jingina ta a kan Tsoho, na kunna, ban ce komai ba.

Ta ci gaba da gyaran gado kamar ba ta ji. Da aka zo inda ka taka na biyu, hannunta ya tsaya a kan matashi.

"Yaron nan zai kurmance. Rage."

Na rage.

"Wa ya ce ki kashe?"

"Ban kashe ba, Umma, ragewa na yi."

"To mayar da shi yadda yake. Kuma nuna min inda ake dannawa ya koma farko."

Na nuna mata. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ke ba ki da marasa lafiya ne yau? Ja min ƙofar."

Na ja mata ƙofar. Ta cikin katakon na ji an mayar da shi farko, an kuma murɗa masa ƙara fiye da yadda na bari. Na tsinci makullaina a ƙasa, na fita.

Yayarka